Yajin Aiki da Tukunyar Gida

Yau tarihi za mu ɗan taɓa, tarihin ƙungiyoyin ƙwadago da masu kamfanoni da gwamnati, da yadda suke kwashewa idan ƙasa ta shiga matsin tattalin arziki. Na san wata za ta ce, to ni ina ruwana, ba ni da albashi, maigidana ma manomi ne? Ki ɗan yi haƙuri ki biyo ni. In sha Allahu kafin mu rabu za ki ga maganar a bakin murhunki take ƙarewa.

Bari in fara daga gida. Ranar 14 ga Fabrairu 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i, wato ASUU, ta shiga yajin aiki, ba ta janye ba sai 14 ga Oktoba. Wata takwas cur. Duk wadda ke zaune a Dutsin-Ma a lokacin ta san abin da garin ya zama. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a nan a 2011, gidaje da yawa sun jingina abincinsu da ɗalibai: masu ba da hayar ɗakuna, masu awara da ɗanwake, masu zoɓo da kunun aya, masu wanki da guga, 'yan acaɓa, masu shagon buga takardu. Ɗalibai suka kwashe kayansu suka tafi, ciniki ya bi su. A cikin watannin nan na je gaida wata baiwar Allah, sa'ar mahaifiyata, wadda ke dafa wa ɗalibai shinkafa da wake. Na tarar da manyan tukwanenta a kife a bayan ɗaki, kaji na hawa kai. Ta dube ni ta ce, "Ke ɗiyata, tun da ku ne masu karanta labarai, gaya mini, su wa ke faɗan nan? Ni ban ci bashin kowa ba, ban hana kowa albashi ba, amma ni ce ke kwana da yunwa."

Na amsa mata da cewa, "Inna, sai haƙuri," don a lokacin abin da ya zo bakina ke nan. Amsar da ta kamata in ba ta ita ce nake son in ba ku yau.

A ƙa'idar duniya, maganar aiki da albashi teburi ne mai kujera uku. Ga kujerar ma'aikata, ƙungiyoyinsu ke zama a kai. Ga ta masu ɗaukar aiki, wato masu kamfanoni da masana'antu, waɗanda a Nijeriya suke da tasu ƙungiyar mai suna NECA tun 1957. Ta ukun ta gwamnati ce, wadda ake sa ran ta zama mai raba gardama. A kan wannan tsari aka gina Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 1919. To amma ki lura da wani abu. A gari irin namu, wa ke ɗaukar ma'aikata? Malamin firamare, ma'aikaciyar asibiti, akawun ƙaramar hukuma, malamin Kwalejin Isa Kaita, malamin jami'a, duk gwamnati ce ke biyansu. Ashe a nan gwamnati kujera biyu ta haye, ita ce uwar ɗaki, ita ce kuma alƙali. Ki riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Abu na biyu da nake so ki riƙe: idan ana cikin wadata, rigimar teburin nan ta rabon riba ce. Idan ƙasa ta shiga tsanani kuwa, asara ake rabawa, kowa na ture ta gaban ɗan uwansa. Mai kamfani zai ce a rage ma'aikata ko a yanke albashi. Gwamnati za ta ce a ƙara kuɗin mai ko a karya darajar Naira. Ƙungiya za ta ce ba a kanmu ba. Inda asarar ta sauka daga ƙarshe, shi ne tarihin da zan ba ki.

Babban yajin aiki na farko a ƙasar nan tsadar rayuwa ce ta haife shi. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kaya sun yi ƙaranci, farashi ya tashi, albashi yana nan inda yake. Ma'aikata suka nemi a ƙara musu alawus na tsadar rayuwa, a kuma mayar da ladan lebura sule biyu da sisi a yini. Gwamnatin Turawa ta Gwamna Richards ta ƙi, hujjarta ita ce ƙarin kuɗi ƙarin tsada zai jawo. Hujjar nan, 'yar uwa, har gobe ita ake maimaitawa. A watan Yuni 1945 dubban ma'aikata suka ajiye aiki, 'yan reluwe ne a gaba, jagoransu Michael Imoudu, wanda bai daɗe da fitowa daga tsare ba. Jirgin ƙasa ya tsaya daga Ikko har Zariya da Kano, aka yi sama da kwana 40 a haka. Mu nan ba mu da layin dogo, amma audugarmu da gyaɗarmu ta tashoshi irin su Funtuwa da Kano suke fita, don haka abin bai tsallake mu ba. Daga baya aka kafa kwamitin bincike, a 1946 aka yi ƙarin.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne wa ya ciyar da masu yajin. Mutum ba ya kwana 40 ba albashi sai da mai tallafa masa. Matan kasuwar Ikko, ƙarƙashin shugabarsu Alimotu Pelewura, sun tara gudummawa, sun mara wa ma'aikata baya har aka kai ƙarshe. Sun shiga faɗan da dukiyarsu, amma da aka zo zaman sulhu ba a ajiye musu kujera ba.

Zan tsallake yajin 1964 na zamanin Tafawa Ɓalewa, in zo kan abin da iyayenmu suka fi tunawa, wato Udoji. Kuɗin mai sun shigo, gwamnatin Gowon ta yi wa ma'aikata ƙarin albashi mai tsoka, aka biya a 1975 har da ariyas na watanni. Ki tambayi duk wata tsohuwa, za ta ba ki labarin rediyo da babur da gado mai rumfa da suka shigo gidaje a shekarar. Wasu gidajen kuma amarya ce ta shigo, Allah Ya kyauta. Sai dai kasuwa ta ji labarin kafin kuɗin su iso. A 1975 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari. Mai albashi ya samu ƙari ya biya tsada. Matar manomi a Kurfi ba ta samu ƙari ba, amma ta biya tsadar daidai da shi.

A 1978 gwamnatin soja ta Obasanjo ta tattara ɗaruruwan ƙananan ƙungiyoyi ta mayar da su 42, ta ɗora musu uwa ɗaya, wato NLC, shugabanta na farko Hassan Sunmonu. Dokar ta ce a riƙa cire kuɗin ƙungiya kai tsaye daga albashi. Wannan ya ba ƙungiyoyi kuɗi da ƙarfi irin wanda ba su taɓa samu ba, amma ya bar igiyar a hannun gwamnati, don wanda ya kafa ka da doka yana iya rushe ka da doka. A watan Mayu 1981 NLC ta gwada ƙarfinta a kan gwamnatin Shagari. Ta nemi Naira 300 a matsayin mafi ƙarancin albashi, aka yi yajin kwana biyu, aka tsaya a kan Naira 125. Kada ki raina kuɗin nan, a lokacin Naira ta fi dalar Amurka daraja.

Murnar ba ta yi nisa ba. Farashin mai ya faɗi a kasuwar duniya, a watan Afrilu 1982 Shagari ya kawo matakan tsuke bakin aljihu. Jihohi suka kasa biyan albashi, musamman na malaman makaranta. Ranar da sojoji suka yi juyin mulki, 31 ga Disamba 1983, cikin hujjojin da suka karanta a rediyo har da cewa a wasu jihohi ma'aikata na bin bashin albashin wata takwas zuwa goma sha biyu. Mai jin wannan zai ɗauka ma'aikaci ya samu mai ceto. Sai gwamnatin marigayi Janar Buhari ta shiga sallamar ma'aikata da yawan gaske a 1984, ta tsayar da ƙarin albashi, ta kuma kafa dokar soja mai lamba 17 wadda ta hana wanda aka sallama zuwa kotu. Da likitoci suka yi yaji a 1985, haramta ƙungiyarsu aka yi. Mahaifiyata ba ta tuna lambar doka ko ɗaya, abin da take tunawa shi ne layi: layin sabulu, layin madara, layin sukari, ga soja da bulala yana gyara sahu.

Yanzu ina so mu ɗan zauna a Kaduna, don a can ne kujeru ukun nan suka fi fitowa fili, kuma kada mu manta, har zuwa Satumba 1987 da aka ƙirƙiro Jihar Katsina, Kaduna ce babban birnin jiharmu.

Masaƙar Kaduna, wadda aka fi sani da KTL, ta fara aiki a 1957, gwamnatin Sardauna ce ta kafa ta tare da wani kamfanin Ingila. Dabarar mai sauƙi ce: audugar Funtuwa da Malumfashi da Gusau, maimakon a kai ta Ingila a saƙa a dawo mana da ita, a saƙa ta a gida. Wasu masaƙun suka biyo baya, irin su Nortex da UNTL da Arewa Textiles, unguwar Kakuri ta cika da ma'aikata daga ko'ina. Wani kawuna yana cikin samarin ƙasar Kurfi da suka tafi can, ya yi aiki a ɗaya daga cikin masaƙun. Duk sallah sai ya zo da turamen atamfa ya raba wa 'yan uwa mata, a dangi ana yi masa kallon wanda ya haye.

Da tsanani ya zo, masaƙu ne suka fara jin jiki. Noman auduga ya riga ya ja baya tun zamanin kuɗin mai, sai an sayo ta daga waje. Rini da sinadarai da kayan gyaran inji duk daga waje suke, ga shi babu kuɗin waje. Mai saye kuma aljihunsa ya bushe, ga atamfar fasa-ƙwauri ta cika kasuwa. Masaƙu suka shiga tura ma'aikata hutun dole, wasu suka rage yawan kwanakin aiki, dubbai suka rasa abin yi. A farkon 1984 shugabannin KTL suka ce wa ma'aikata zaɓi biyu ne, ko rabin albashi ko a rufe. Ma'aikata suka fantsama titi, aka yi arangama da 'yan sanda. Babban sakataren ƙungiyar ma'aikatan masaƙu a lokacin shi ne Adams Oshiomhole, wanda shi ma a Arewa Textiles ya fara aiki. Abin da ƙungiyar ta yi ya cancanci a tsaya a duba. Ba ta ce kamfani ƙarya yake ba, don kowa na ganin injuna a tsaye. Ta yarda a riƙe wani kaso na albashi, amma da sharaɗin ya zama ajiya ce da za a mayar wa mai ita idan al'amura suka daidaita, kuma masaƙa ta ci gaba da aiki.

Wata za ta ce ai wannan sayar da kai ne. Ni dai ban gan shi haka ba. Bambanci ne babba tsakanin a ce an yanke maka, da a ce ka ba da rance. Na farko an mayar da kai kaya, na biyu an yarda kana da haƙƙi a cikin gidan. Da irin wannan dabara ƙungiyar masaƙu ta ratsa shekarun nan: tana zama da ƙungiyar masu masaƙu a kai a kai, tana sa hannu kan yarjejeniya guda da ta shafi masana'antar gaba ɗaya, in an hana ƙarin albashi sai ta bi ta alawus, na haya, na mota, na abinci. Wasu masana biyu 'yan ƙasar Suwidin, Gunilla Andrae da Björn Beckman, sun shafe shekaru suna bin diddigin abin a Kaduna da Kano, suka rubuta littafi guda a kai. Abin da suka gano ya ba mutane mamaki: a daidai lokacin da masana'antar ke ramewa, ƙungiyar ƙara kafuwa take yi, har su kansu masu masaƙun suka gane gara su yi magana da ƙungiya mai tsari da su wayi gari da tarzoma.

Amma fa shugaban ƙungiya a lokacin tsanani yana tsakanin wuta biyu ne. In ya ƙi sassauci a rufe masana'anta, in ya sassauta mabiyansa su ce an saye shi. A 1993 ma'aikatan masaƙu da kansu suka far wa hedikwatar ƙungiyarsu a Kaduna saboda fushin wata yarjejeniyar albashi. Mai yunwa ba ya sauraron lissafi.

Mu koma baya kaɗan mu ga abin da gwamnati ke yi a shekarun. Janar Babangida ya hau a Agusta 1985, a watan Oktoba ya ayyana dokar ta-ɓaci kan tattalin arziki, aka shiga yankar wani kaso daga albashin ma'aikata. Ya buɗe muhawara a kan ko a karɓi bashin Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, jama'a suka ce a'a, ya ce ya ji. Sai ga shirin SAP a 1986, ɗauke da kusan duk sharuɗɗan da aka ƙi. An gudu ba a tsira ba. A watan Satumba na shekarar aka saki Naira, dala ɗaya ta koma wajen Naira 4. Aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, har da ta auduga. Naira 125 ɗin nan da aka yi yaji a kanta tana nan a takarda, amma a kasuwa ta zama kashi.

Akwai wani abu da aka yi a ƙarshen 1986 da ke nuna yadda kujera biyu ke haɗa kai a kan ta uku. Dokar mafi ƙarancin albashi ta 1981 ta ɗauke wa duk mai ma'aikata ƙasa da 50 nauyin biya. Sai gwamnati ta mayar da adadin 500. Ki duba fa, kamfani nawa ne a duk Arewa ke da ma'aikata 500? Da alƙalami ɗaya an fitar da mafi yawan ma'aikata daga inuwar dokar. NLC, ƙarƙashin marigayi Ali Ciroma, mutumin Borno, ta zagaya ƙasa tana gangami, a 1987 gwamnati ta janye gyaran. Wannan nasara ce ta gaske, kuma gwamnati ba ta manta ba. Da rikicin shugabanci ya raba NLC gida biyu a taronta na Benin a watan Fabrairu 1988, sai gwamnati ta rushe shugabannin duka ta naɗa kantoma. Ba a yi wata biyu ba aka ƙara kuɗin fetur daga kwabo 39 da rabi zuwa kwabo 42. Ƙarin kwabo biyu da rabi, 'yar uwa! Amma zanga-zanga ta tashi daga Jos ta bazu, ma'aikata a jihohi suka shiga yaji ba tare da uwar ƙungiya ba. A shekarar ce aka haramta ASUU, a shekarar ce kuma kotun soja ta yanke wa manyan ma'aikatan NEPA 11 ɗaurin rai da rai saboda yajin da ya jefa ƙasa cikin duhu, ko da yake daga baya an yi musu afuwa. Janar Abacha ma ya maimaita irin wannan a 1994, ya rushe shugabancin NLC da na ƙungiyoyin ma'aikatan mai, ya tsare Frank Kokori har 1998. Shi kuma Obasanjo, da ya dawo a farar hula ya sha yaji a kan kuɗin mai, sai ya kawo dokar 2005 da ta raba NLC da matsayinta na uwa ɗaya tilo. Wanda ya ɗaura igiyar shi ya zo ya sassauta ta.

Kada in cika ku da labarin baƙin ciki, akwai abin da teburin nan ya haifa da muke gani da idonmu a Dutsin-Ma. A 1992, lokacin Attahiru Jega na shugabancin ASUU, jami'o'i sun lalace, gwamnati ta ce ba ta da kuɗi. Malaman suka ce to ga shawara: kamfanoni su ne ke cin moriyar waɗanda muke yayewa, a sa musu harajin kashi 2 cikin ɗari na ribarsu, a zuba a asusun ilimi. Aka sa hannu, aka yi dokar a 1993. Asusun nan shi ne ya zama TETFund a 2011. In kin shiga jami'ar nan tamu ko Kwalejin Isa Kaita kika ga gini da sunan TETFund a jikinsa, to ki sani daga yajin aiki ya fito. Ƙungiya ta kawo dabara, gwamnati ta yi doka, masu kamfani suka biya. A ganina wannan shi ne mafi kyawun abin da kujeru ukun suka taɓa haɗuwa suka yi, kuma a tsakiyar tsanani aka yi shi.

Masaƙu kuwa ba su tsira ba. Sun ɗan farfaɗo, sai aka buɗe ƙofa ga yadin waje a 1997, ga rashin wutar lantarki, ga tsadar baƙin mai. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta rufe masaƙarta ta Kaduna a 2007. A nan ƙungiya da masu masaƙu bakinsu ya zo ɗaya, tare suka riƙa roƙon gwamnati ta tare fasa-ƙwauri, amma aka yi ta alkawari har injuna suka yi tsatsa. Ma'aikatan KTL sun shafe shekaru fiye da goma suna bin haƙƙinsu na sallama, da yawa sun rasu ba su karɓa ba, matansu da 'ya'yansu suka gaji zaryar. Su wa ke da masaƙar? Jihohin Arewa 19. Kin ga abin da na ce ki riƙe ɗazu: idan mai riƙe da haƙƙinka shi ne wanda za ka kai wa ƙara, tafiyar takan yi tsawo.

Kawuna ya dawo gida da iyalinsa da katifa da akwati biyu. Ya koma gona, ga shi hannu ya manta fartanya. Shekarun da suka biyo baya, matarsa ce ta riƙe gidan da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da adashi. Ba ta taɓa riƙe katin ƙungiya ba, ba a taɓa lissafa ta cikin waɗanda rufe masaƙa ya shafa ba.

Yanzu mu dawo kan yajin 2022. Tushensa yarjejeniyar 2009 ce, wadda aka sa wa hannu zamanin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, malamai suka ce ba a cika ta ba, gwamnati ta ce kuɗin mai sun ragu, bashi ya yi yawa. Gwamnati ta ɗauki matakin ba aiki ba biya, ta tsayar da albashi, ta kai ƙara kotun ma'aikata, kotu ta ba da umarnin komawa aji a watan Satumba. Matan malamai su ma sun ɗanɗana, wata ta sayar da ɗan kunnenta, wata ta cire yara daga makarantar kuɗi. Amma ko ba komai malami yana da wanda zai yi magana da yawunsa, kuma a 2024 an biya su albashin wata huɗu daga cikin wanda aka riƙe. Mai shinkafa da wake fa, wa zai biya ta ariyas?

Sai kuma na baya-bayan nan. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, aka kuma saki Naira. A Janairu 2024 aka kafa kwamitin mutum 37 daga ɓangarorin nan uku don tsayar da sabon mafi ƙarancin albashi. Ƙwadago suka fara da Naira 615,000, gwamnati da masu kamfanoni suka tsaya wajen 60,000, gwamnoni na cewa ko hakan ba za su iya ba. Ranar 3 ga Yuni aka shiga yaji, aka kashe wutar ƙasa baki ɗaya, washegari aka dakatar. A watan Yuli aka daidaita a kan Naira 70,000. A shekarar, buhun shinkafa ya fi wannan kuɗi. Daga 125 zuwa 5,500 a 2000, zuwa 18,000 a 2011, zuwa 30,000 a 2019, zuwa 70,000, lamba na ta hawa, abin da take saye a kasuwa na ta sauka. Ita dai tiyar gero ba ta san an yi yarjejeniya ba.

Kuma dokar 2019 ta ɗauke wa duk mai ma'aikata ƙasa da 25 nauyin biyan mafi ƙarancin albashi. Ki ƙirga da kanki a unguwarku: malamar ƙaramar makarantar kuɗi, yarinyar da ke tsaron shago, mai aikatau, mai sharar ofis da ɗan kwangila ya ɗauka. Mafi yawansu mata ne, kuma kusan duk suna wajen dokar.

Ban faɗi wannan don in rage wa ƙungiyoyin ƙwadago daraja ba. Duk lokacin da suka tilasta aka rage kuɗin mai, kamar a 2000 da aka sauko daga Naira 30 zuwa 22, ko a 2012 da aka sauko daga 141 zuwa 97, har mai tallan goro ta amfana, don kuɗin mota ya shafi kowa. A shekarun soja, da babu majalisa babu jam'iyya, su ne bakin talaka. Amma ina da ƙorafi a kansu, kuma zan faɗa. Tun 1978 har yau mace ba ta taɓa shugabantar NLC ba. Takwararta TUC ta taɓa samun shugaba mace, Peace Obiajulu, NLC kuma ta kafa sashen mata, to amma ki dubi hoton duk wani zaman sulhu ki ƙirga ɗankwali. Aikin jinya da unguwarzoma mata ne suka fi yawa a ciki, a koyarwa ma ba a bar mu a baya ba, kuɗin ƙungiya kuwa ana cire wa mace daidai da namiji. Laifin ba na maza kaɗai ba ne. Sau nawa aka kira taron reshe, 'yar uwa ma'aikaciya, kika ce ke dai a yi a gaya miki? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in ba ki je kin nuna ba, wani wurin za a liƙe.

A watan Fabrairu 2024 mata masu gurasa a Kano suka fito titi da kwalaye a hannu saboda tsadar fulawa, a Minna ma mata suka tare hanya saboda tsadar abinci. Ba NLC ce ta kira su ba. Su ba su da uban gidan da za su yi wa yaji, sai suka fito da kansu, kuma duk ƙasa ta ji.

Ita kuwa Inna mai shinkafa da wake, da ɗalibai suka dawo a ƙarshen 2022 jarinta ya riga ya tafi a cefane. Kwasar adashin unguwarsu aka ba ta ba layinta ba, matan suka yarda a tsakaninsu ta fara ɗauka. Da shi ta sayi tiya biyar ta shinkafa da galan ɗin mai, ta wanke tukunya ɗaya daga cikin ukun ta ɗora. Sauran biyun, da na koma gaishe ta, suna nan a kife a bayan ɗaki.